Tutsun Injin Zarto

Zancen da na zo da shi yau, na san wata tana ganin kansa za ta taɓe baki ta ce ina ruwan mace da injin yankan itace, wannan ai sha'anin maza ne. To, ki ɗan yi haƙuri ki karanta tukuna. Gaskiya ne ba mu ke riƙe injin ba, amma a tsakar gidanmu a ke tayad da shi, a gindin itacen da mu ke ɗaura igiyar shanya. 'Ya'yanmu ne su ke kewaye shi suna kallo. Sau da yawa kuma wanda ke riƙe da shi ƙanen wata ne, ko ɗanta, ko mijinta wanda da injin nan ya ke ciyad da gida.

Mu nan Hanwa, daga watan Afrilu zuwa Yuni, da wuya a yi mako guda ba a ji kukansa ba. Iskar farkon damina ta kan zo da dare, ta karya reshen darbejiya ta ɗora a kan katanga, ko ta tuge turare ɗungum ta gicciye shi a hanya. Gari na wayewa sai ki ji ƙara kamar ta babur da ya shaƙe, tun daga wajen Kwangila har cikin lunguna. Ban da wannan ga masu gini, waɗanda ba su ƙaunar ganin mangwaro a filin da za su kafa shago. Darbejiyar nan ma da ta cika gidajenmu baƙuwa ce, asalinta daga wajen Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, saurin girmanta ne ya sa ta bazu, shi ne kuma ya sa bayan 'yan shekaru sai an rage mata rassa. A da mai gatari a ke kira, ya yi kwana biyu ko uku yana fama. Yanzu saurayi ɗaya da inji kafin azahar ya gama, har ya daddatsa miki na girki. Ni ba na ƙin injin. Sai dai gatari in ya kuskure, sara ɗaya ya ke yi ya tsaya, shi kuwa wannan ba ya dakatawa don ya taɓa nama.

Haɗarinsa iri-iri ne. Itace ya kan faɗo wa mutum, sarƙa ta kan tsinke, ƙarar kuma tana kashe kunne a hankali. Amma wanda ya fi zuwa ba zato shi ne wanda na ke kira tutsu. Wadda ta taɓa kallon hawan Salla a ƙofar fadar Zazzau ta san yadda doki ya ke tafiya lafiya lau, sai wani abu ya firgita shi, ya zabura ya miƙe tsaye, mahayi bai shirya ba. Haka injin zarto ya ke yi. Ana cikin yanka sai bakinsa ya yi tsalle sama, ya juyo baya, ya nufo fuska da wuya da kafaɗar mai riƙe da shi, sarƙar tana gudu.

Mutane su kan ce tsautsayi ne. Ba mai musun ƙaddara, amma wannan tsautsayin yana da ƙofa ɗaya da ya fi shigowa ta cikinta, an kuwa san inda ta ke. Bari in kwatanta muku.

Injin yana da jiki, inda fetur ya ke da mariƙi biyu, na gaba da na baya. Sa'an nan akwai dogon ƙarfe mai faɗi da ya miƙe gaba, wanda zan kira takobi don sauƙin zance. A gefen takobin nan sarƙa ta ke gudu, kamar sarƙar keke, sai dai ita wannan haƙora gare ta. Ta kan tashi daga jikin injin, ta bi ta saman takobi ta nufi gaba, ta zagaya hancinsa, ta komo ta ƙasa. Gudunta ya kai kamar mita 20 a sakan ɗaya, watau wajen kilomita 70 a awa, gudun mota a hanyar Kano. Kafin ki ce ɗaya, haƙora ɗaruruwa sun wuce.

In an yi yanka da ƙasan takobi, sarƙar tana jan injin zuwa ga itacen, nesa da mutum. Wannan shi ne yankan lafiya. In an yi da samansa, tana turo injin wajen mai shi, gwani kuwa ya san da haka, ya kan tokare. Mugun wurin shi ne hanci, rabinsa na sama, ɗan wuri ne da bai kai tafin hannu ba. A nan sarƙar ta ke karya kwana ta nufi ƙasa. Haƙori ɗaya ko biyu ne kaɗai ke taɓa itace a wurin, kuma sabo da lanƙwasar hancin, haƙorin ya kan buɗe baki ya cafki abin da ya fi ƙarfinsa. Sai ya cije ya tsaya cik. To, ƙarfin injin da ke jan sarƙar ina za shi? Ba ya ɓacewa. Tun da haƙorin ya kasa tura itacen ƙasa, sai shi takobin ya tura kansa sama, ya yi kewaye kamar murfin akwati da aka fincike, ya dawo kan mutum.

Ku 'yan makaranta, ga gwaji mai sauƙi da ba shi da haɗari. Ku ɗaga ƙafar bayan keke, ku juya feda da hannu har tayar ta yi gudu sosai, sa'an nan ku sauke ta ta taɓa ƙasa. Keken zai zabura gaba daga hannunku. Tayar ta so ta tura ƙasa baya, ƙasa ta ƙi motsi, sai keken ya motsa a madadinta. Ita ce ƙa'idar nan ta Newton da a ke koya muku a ajin kimiyya, cewa duk abin da ya tura, ana tura shi daidai gwargwado. Ku riƙe ta, ba don jarrabawa kaɗai aka yi ta ba.

Abin tsoron shi ne lokaci. Tutsun nan ya kan gama aukuwa cikin kashi ɗaya ko biyu bisa goma na sakan. Ɗan Adam kuwa, kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta aika wa hannu, ya kan ɗauki kamar rubu'in sakan. Watau kafin mutum ya san an yi, an riga an gama. Saurayin da ya ce miki shi hannunsa da sauri, in ta taso zai kauce, bai san abin da ya ke faɗi ba. Ba a kauce wa tutsu, hana shi tasowa a ke yi. Akwai kuma hanya ta biyu da ya ke zuwa, ita ce itace ya matse takobi a tsakiyar yanka, ya damƙe sarƙar ta sama, injin ya harbo baya kai tsaye wajen ciki ko cinyar mai shi.

Shekaru kaɗan da suka wuce na ga abin da idona a gidan wata maƙwabciyata. Suna da tsohon mangwaro kusa da katanga, reshensa ɗaya ya tsage ya kwanta a kan rufin ɗakin girki. Maigidan ya kirawo wani saurayi mai inji, ya yi sallama ya ce a kimtsa maza za su shigo, matan gida suka shige ɗaki kamar yadda aka saba, shi kuma ya tafi kasuwa. Ba a jima ba muka ji kukan injin ya sake, ya yi wata irin ƙara ya mutu, sai salati. Da na shiga na tarad da yaron zaune a ƙasa, jini ya wanke masa riga. Sarƙar ta tsaga masa kafaɗar hagu, ta ɗan shafi kumatu. Da ta ƙara matsawa kamar faɗin yatsa uku, da a wuya ta sauka.

Allah ya yi da sauran kwana, aka ɗinke shi ya warke, amma daminar nan duka bai yi aiki ba, har yau kuma hannun ba ya ɗaguwa sosai. Da aka duba reshen sai ga tsohuwar waya a cikinsa. Uwar maigidan ce ta ɗaura ta don shanya tun shekaru da dama, itacen ya girma ya haɗiye ta, ɓawo ya rufe, ba abin da a ke gani sai ɗan kumburi. Hancin takobin ne ya same ta. Da na je duba shi bayan kwana biyu ya ce mini, "Wallahi Inna ban ga komai ba. Da wani ya ce mini akwai ƙarfe a wurin, da ta can gefe zan faro." Matan gidan kuwa su uku duk sun san da wayar nan. Ba wanda ya tambaye su, su ma ba su san tana da wata illa ba.

Wannan shi ya sa na ce zancen namu ne. Itacen tsakar gida ba kamar na daji ba ne. Na daji itace ne zalla. Na gida kuwa ma'aji ne: ƙusar da aka kafa don rataye fitila, wayar shanya, ƙarfen da aka ɗaure akuya, guntun langalanga da aka jingina ya shige cikin ɓawo, ƙusoshin da yara suka buga suna wasa. Maigida ya fita tun safe, bai san rabinsu ba. Mai inji baƙo ne, yau ya fara ganin itacen. Wadda ta san tarihin ko wane reshe ita ce wadda ta yi shekara ashirin tana tsintar shinkafa a inuwarsa. Ƙarfe a cikin itace, in hancin takobi ya same shi, tutsu ne mai tsanani. In tsakiyar takobin ce ta same shi, haƙora su dakushe nan take, ko wani ya karye ya yi tsalle, dakusasshen haƙori kuwa shi ma yana jawo tutsu a yanka na gaba.

Ba sai kin fito kin tsaya gaban baƙo ba. Tun daren jiya, ko da sassafe kafin a yi sallama, ki ɗauki alli ko gawayi ki zagaya itacen, duk inda kika san an taɓa kafa ƙarfe ki zana babbar alama. Wanda ke ciruwa ki sa a cire. In akwai tsohuwa a gidan ki tambaye ta, ta fi ki sanin na da. Sa'an nan ki gaya wa maigida, ko ki aiki babban yaro ya nuna wa mai aikin alamun tun injin yana kashe, gama in ya tashi ba mai jin maganar wani.

Bayan ƙarfe sai katanga. Gidajenmu na yanzu a matse su ke, itace ya kan tsaya taku ɗaya daga bango. Mai yanka idonsa yana kan inda ya ke yanka, hancin takobin kuwa ya leƙa can baya inda ba ya gani, ya taɓa bulo, ko turken ƙarfe, ko randa, ko wani reshe da ganye ya ɓoye. Itacen da iska ta kayar ya fi ko wanne wannan haɗari, domin rassansa a sarƙe su ke, wani ya danne wani, wani kuma a tanƙware ya ke kamar baka, ana yanke shi zai yi bulala ko ya matse takobi. Abin da ya kamata shi ne a fara sassabe ƙananan rassa da adda, a janye su waje, a buɗe wuri har mutum ya ga bayan abin da zai yanka. Turmi, da murhu, da tulin bulo, da tarkacen da mu kan tara a gindin itace, duk a kwashe su tun da wuri. In kuwa wayar lantarki ta shiga cikin rassan, kada kowa ya taɓa sai ma'aikatan wuta sun zo sun kashe.

Yanzu ga wata magana da ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, ita ce ta ciniki. Mu kan ja kuɗin aikin nan har sai mun ga saurayi ya yi shiru, sa'an nan mu ce lalle a gama kafin maigida ya dawo. Wanda aka rage wa lada, a gida uku zai nema ya cike a rana ɗaya. Ba zai zauna ya wasa sarƙa ba, ba zai ɗauko yaron da zai riƙe masa igiya ba, ba zai sassabe rassa ba. Sauri kuwa shi ke haifad da nawa. Gajiya tana sassauta riƙo, sassautaccen riƙo shi tutsu ya ke nema. Ni a ganina, in aikin na yini ne, a biya na yini, a ba shi ruwa da abinci, a bar shi ya huta sa'ad da rana ta take. In kuma kika lura idonsa ya juya, alamar ya sha ƙwayar nan da samari ke sha wai don ƙarfin aiki, ki aika wa maigida a ɗage aikin. Gara reshe ya ƙara kwana a kan rufi.

Yara kuwa, kun san halinsu, ƙarar inji gare su kamar kalangu ce. Su kan matso har su riƙa tara hannu suna cafe garin katako. Yaro ɗaya ya gilma, mai aiki ya waiwaya, takobi ya karkace, shi ke nan. Ƙa'idar masu aikin daji ita ce, in ana kayad da itace, kada kowa ya tsaya kusa da ninki biyu na tsawonsa. A tsakar gidanmu wannan yana nufin waje, ko gidan maƙwabta. Ko datsa gungume a ke yi a ƙasa, a ba shi taku goma. Kada kuma a aiki yarinya ta kai masa ruwa ta bayansa ta taɓa shi. A tsaya nesa ta gabansa, a ɗaga hannu, har ya gani ya kashe.

Akwai abu ɗaya a jikin injin da na ke so ko wace mace ta iya ganewa, ko daga taga. A gaban mariƙin gaba akwai wata 'yar garkuwa a tsaye, tsakanin hannun hagu da takobi. A injin kirki wannan garkuwar birki ce. In tutsu ya taso, bayan hannun mutum ya buge ta, ko ƙarfin fizgar kansa ya tura ta, sai wani ɗamarar ƙarfe a ciki ya shaƙe abin da ke juya sarƙa, ta tsaya cikin kamar kashi ɗaya bisa goma na sakan. Takobin zai iya isowa jikin mutum duk da haka, amma da tsayayyar sarƙa, bambancin ƙujewa ke nan da tsaga. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya fito da birki mai kama kansa a 1973, a Amurka kuma tun 1985 aka kafa ƙa'idar iyakar tutsun da ƙananan injuna za su yi, aka yawaita sarƙa mai 'yan tudu tsakanin haƙora wadda ba ta cafka da yawa a hanci. Amma manyan injunan tsohon yayi da suka yi yawa a ƙasarmu, da kwaikwayonsu masu araha, da dama ba su da birki sam, garkuwar hannu ce kawai. Wasu kuma nasu ya karye, an ɗaure da waya ko an cire an yar. Ki sa maigida ya ce wa mai injin ya gwada a gabansa: a tayar, a ba shi wuta, a tura garkuwar gaba. In sarƙa ta tsaya cik, madalla. In ba ta tsaya ba, kun san da abin da ku ke aiki, sai a ninka hankali, kada kuma a yarda a yi yankan sama da shi. Ke kuma da ɗanki ko mijinki ke shirin sayen inji, da kuɗin adashinki wataƙila, ki sa baki a sayi mai birki. Araha ba ta ado. Takobin ma kada ya wuce bukata, gajere mai siririn hanci ya fi dogo lafiya, domin dogon ne ke leƙawa inda ido bai kai ba.

Bari in ɗan ratse, don na san abin zai ba ku mamaki. Asalin sarƙa mai haƙora ba don itace aka ƙago ta ba, a ɗakin haihuwa da na fiɗa ta fara. Wajen 1785 wasu likitoci biyu na ƙasar Sikotilan, John Aitken da James Jeffray, suka yi 'yar sarƙa ta hannu mai mariƙi a ko wane gefe. Aitken ya yi tasa don buɗe mahaɗin ƙashin ƙugu in haihuwa ta gardama, a zamanin da fiɗar ciki kusan hukuncin mutuwa ce, Jeffray kuwa don yanke ruɓaɓɓen ƙashi. Allah mun gode da ba mu zo a zamanin ba! Sai a 1926 wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera na itace mai aiki da lantarki, wanda sai mutum biyu ke ɗauka. Irin haƙorin da a ke amfani da shi yanzu kuwa, wani mai saran itace na Amurka, Joseph Cox, ya samo shi daga kallon tsutsar da ke cin gungume, yadda ta ke gutsura dama da hagu da lanƙwasassun muƙamuƙai, ya fara ƙera shi a 1947.

Haƙorin nan nasa yana da wata dabara da ta shafi zancenmu. A gaban ko wane haƙori akwai ɗan tudu, aikinsa shi ne ya hana haƙorin nutsewa da yawa. Ratar da ke tsakanin kan tudun da bakin haƙorin a yawancin sarƙoƙi ba ta kai milimita ɗaya ba, kamar biyu bisa uku ce. Wasu masu inji su kan sa magagari su cinye tudun nan, wai don yanka ya yi sauri. Yana kuwa yin saurin, amma sun cire wa doki linzami, ko wane haƙori sai ya cafki loma ta fi bakinsa. Dakusasshiyar sarƙa ita ma matsala ce, tana sa mutum ya danna da ƙarfi, ya jingina jikinsa kan injin. Gane ta ba wuya, ko ke mai shara kin iya. Sarƙa mai kaifi 'yan ɓarɓashi ta ke zubarwa masu kauri. In kika ga gari mai laushi kamar na tuwo, ko hayaƙi yana fita daga yankan, ta dakushe. Wadda kuma ta saki tana reto a ƙarƙashin takobi, ɗaurewa ta ke bukata. In kin ga mai aiki ya zauna yana wasa haƙora ɗaya bayan ɗaya, kada ki ce yana ɓata lokaci.

Tsayuwa da riƙo su ma abin lura ne. Injin nan don hannu biyu aka yi shi, dama a mariƙin baya, hagu a na gaba, ko da mutum bahago ne. Babban yatsan hagu ya zagaya ƙarƙashin mariƙin ya kulle, kada ya kwanta a sama tare da sauran, in ba haka ba fizga ɗaya za ta ƙwace injin. Gwiwar hannun hagu a miƙe. Jiki kuma ya ɗan koma hagu, kada fuska ta yi saiti da takobi, don in ya taso ya wuce ta gefen kafaɗar dama. Ba a yanka abin da ya wuce tsayin kafaɗa. A nan ne na ke jin tsoro ƙwarai, domin sau nawa na ga saurayi a kan tsani, ko a zaune a kan reshe ba igiya, ya kama itace da hannu ɗaya, ya miƙa injin sama da ɗayan. Reshen da ke sama, in ba gwani mai ɗamara da igiya ba, a hau da adda ko zarton hannu, in ya sauko ƙasa inji ya ƙarasa. Tayarwa ma a ƙasa a ke yi, a taka mariƙin baya da ƙafa. Wannan da su ke yi na wurga injin ƙasa da hannu ɗaya suna fizgar igiya da ɗayan, burga ce kawai.

Tufafi namu ne mu lura, tun da mu ke wanki. Wadda mijinta ke wannan sana'a kada ta bar shi ya fita da riga mai faɗin hannu, ko rawani mai jela, ko silifa. Kun dai san abin da bel ɗin injin markaɗe ya ke yi wa mayafi. Hular kwano, ko ta babur ce, ta fi kai tsirara, ga tabarau, ga takalmi mai rufi da tauri. Akwai wandon da a ke yi musamman, cikinsa cike da dogayen zaruruwa, in sarƙa ta taɓa shi sai zaren ya fito ya cushe injin ya tsaya. Yana da tsada da zafi, amma ƙafar hagu tana cikin wuraren da injin nan ya fi sara.

Kwanan nan kuma ga wasu ƙanana masu batir da a ke talla a waya, ana nuna mace tana datsa reshe da hannu ɗaya tana murmushi. Wata ƙawata ta saya don itacen girki. Ƙanƙantarsa ba ta sake ƙa'ida ba, yana da hanci, yana da sarƙa. Haɗarinsa ma shi ne ɗaya hannun, wanda ke riƙe itacen kusa da haƙora. A danne itacen da wani abu, hannu ya yi nisa, in an gama a zare batir a ɓoye inda yaro ba zai kai ba.

In kuwa abin ya riga ya auku, Allah ya kiyashe mu, wadda ke gida ita ce likitan farko. A kashe injin. Ki ɗauko zane mai tsabta ki ninka, ki danna a kan raunin da ƙarfinki duka, kada ki ɗaga don ki leƙa. In ya jiƙe ki ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko fetur, ko baƙin mai, ko garin magani, duk ƙazanta su ke ƙarawa, likita ya sha wahalar wankewa. In a hannu ne ko ƙafa, jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi a sama da raunin, a sa ɗan itace a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure a gaya wa likita, kada a kwance a hanya. A wuya ba a ɗauri, dannawa kawai a ke yi. A kwantad da shi, a rufe shi, kada a ba shi abinci ko ruwa domin wataƙila a yi masa aiki. In yatsa ya fita, a naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara a tafi da shi. Raunin sarƙa ba na kemis ba ne, ko ya yi kamar ƙarami, gama tsaga ce mai datti da mai da garin itace, tana bukatar wanki da ɗinki da allurar rigakafin ciwon nan mai sandarad da jiki ya sarƙe haƙora. Ku tuna kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika tun 2005. Daga Hanwa hanyar Sakkwato za a bi, a wuce Samaru. Lambar mai mota ko mai Keke Napep na unguwa ta kasance a wayarki tun kafin a tayad da injin.